Aikin Wasu

Huji biyar muka samu a jikin kwat ɗin Lauya, uku a bayan kafaɗa, biyu a ƙasan aljihu, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Baƙar kwat ce ta ulu mai nauyi. Ya kawo ta ne Kawu ya rage masa, don ya rame bayan jinya, sai tafiya ta kama shi, kwat ta yi wata biyu a rataye cikin kabad ɗin shagonmu. Ranar da ya bugo waya ya ce jibi zai zo ya karɓa, Kawu ya sa aka fito da ita a goge.

Mu uku ne a shagon. Akwai Kawu, yayan Ummata, wanda ya shekara talatin a kan keken ɗinki, kuma kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Akwai Baba Mai Guga, da teburinsa a lungu da dutsen gugarsa na gawayi, mutumin da zai iya wuni bai furta kalma goma ba. Sai ni. Kafin in zo nan na yi wata huɗu a garejin babura, na yi wata biyu a shagon cajin waya, na yi mako guda a wurin mai walda da ke jikin shagonmu. Da Umma ta kawo ni gaban Kawu, ce masa ta yi, “Yaya, wannan ne na ƙarshe. In ya bar nan, na cire hannuna.” Kawu ya sa min suna Rediyo tun a makon farko. Amma na zauna. Wata tara na yi, na iya yanka, na iya sa hannun riga, har Kawu ya karɓi makullin shago na biyu daga hannun Baba Mai Guga ya ba ni, wai gidanmu ya fi kusa.

Na huɗunmu kanari ne, a keji a bakin taga. Saboda shi Kawu ya hana kunna maganin sauro a shagon, ya hana turare, ya hana kafur, wai duk suna toshe masa murya. Duk gashin da tsuntsun ya zubar kuwa, Kawu zai sunkuya ya tsince ya sa a wata tsohuwar hular sanyi da yake ajiyewa a ƙasan kabad. Gashin kanari huɗu ne a cikinta, tun daga na farkon da ya taɓa kiwatawa. Tunda ba a sa kafur, doka ita ce duk farkon wata a fito da kayan kabad a shanya a rana. Aikina ne wannan. Na yi sau ɗaya.

Ranar da abin ya faru na dawo daga sayen zare ke nan, na jingina da kabad ina shan iska. Mai walda yana yankan ƙarfe, ƙara kamar za ta tsaga bango. Baba Mai Guga ya shimfiɗa kwat a teburinsa, ya ɗaga kafaɗar ya duba a haske, ya kira Kawu da hannu. Na ga bakinsa ya motsa, amma ban ji abin da ya faɗa ba. Muryar Kawu na ji, don shi in ya yi magana har ƙarshen layi ake ji.

“Aikin wasu ne?”

Baba Mai Guga ya gyaɗa kai. “Su ne.”

“Daga waje suka shigo?”

“A nan cikin shagon suke.”

Sai ya turo baki ya nuna inda nake tsaye.

Kawu ya zare tabarau ya dube ni tun daga takalmi har hula.

“Rediyo.”

“Na'am, Kawu.”

“Almakashina ƙarami mai tsini, wa ya riƙe shi jiya?”

“Ni ne, amma zare na yanke da shi. Wallahi ban taɓa kwat ɗin nan ba.”

“Wa ya ce ka taɓa? Ni na ce ka taɓa? Tun ba a tambaye ka ba har ka fara rantsuwa.” Ya miƙo tafin hannu. “Ajiye min makullina.”

Na ciro shi daga zoben da nake ratayawa a ƙugu na sa masa.

“Jibi da azahar mai kwat zai zo. In kafin nan ban san su wane ne wasun ba, ka koma wajen uwarka ka faɗa mata na gwada.”

Baba Mai Guga ya sunkuyar da kai yana hura gawayi, kamar ba shi ya kunno wutar ba.

Washegari na riga kowa zuwa, sai da na kai hannu ƙugu na tuna ba makulli. Na zauna a dakali ina kallon ƙofa. Mai walda ya leƙo ya ce, “A'a, manaja, yau kuma gadi ake yi?” Na kawar da kai. Tunani nake. Shekara goma sha biyar makullin nan yana aljihun Baba Mai Guga, aka wayi gari aka ba ɗan jiya. Ranar da aka karɓa bai ce uffan ba, amma ai dama ba ya cewa uffan. Waye yake riƙe wuta a shagon? Shi. Tartsatsin gawayi guda biyar sun isa su yi huji biyar, kuma a baƙin yadi ba a ganin ƙuna. Ya ƙona kwat, ya ga dama ta samu, ya ɗora a kaina. Na tuna cewa lokacin da ya kira Kawu ko gawayin bai gama kamawa ba, amma na ture wannan tunanin gefe, don yana ɓata min lissafi.

Da aka buɗe shago na saci jiki na shinshina hujin. Ban ji ƙauri ba. Na ce a raina ai kwana guda ya isa ƙauri ya tafi.

Wuni na yi ina kallonsa ta gefen ido. In ya ɗaga dutse, ina kallo. In ya fesa ruwa a riga, ina kallo. Shi ma na kama shi sau biyu yana kallon kabad, sannan ya kalli keji, sannan ya kalli Kawu. Kawu kuma mu biyun yake kallo ta saman tabarau, har ya ɗinke aljihun wani wando a rufe sai da ya farke.

Kanarin ma shiru ya yi. Mako biyu ke nan bai rera ba, ya takure a kan sandarsa, gashi yana zuba. Kawu ya ce riga yake canzawa, haka suke yi duk shekara, amma da safen nan na ji yana ce masa, “Bana kuma ka daɗe, ɗan gari. Ko wani abu aka yi maka?”

Da rana Kawu ya tafi kasuwa neman shafi. Na ce ni ma zan je cin abinci, na fita, na zagaya ta bayan shago na leƙa ta ƙaramar tagar da ke saman teburin yanka. Baba Mai Guga ya jira kamar minti biyu. Ya tashi ya leƙa titi, ya sauke keji ya rataye shi a waje. Ya dawo ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya buɗe kabad, ya tsugunna yana cusa wasu fararen abubuwa a kowane lungu. Ya rufe da sauri, ya wanke hannu, ya mayar da keji bakin taga.

Da ya fita alwala na shiga na buɗe kabad. Warin ya riga idona gani. Kafur ne, guda shida, a shagon da ko sunansa Kawu ba ya son ji. Wato kwat ba ta ishe shi ba. Tsuntsun yake so ya mutu, a ce ni ne.

Ina tattara kafur ɗin sai wani ɗan ƙwaro ya fito daga ƙarƙashin yadi. Bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, mai siririn fiffike. Bai tashi sama ya nufi haske kamar faɗa-wuta ba. Gudu ya yi a ƙasa, yana neman tsaga mafi duhu. Na danne shi da yatsa. Da na ɗago sai na ga wata 'yar ƙura mai sheƙi a yatsana, ruwan ɗorawa mai haske, kusan launin ƙirjin kanarin Kawu. Na tsaya ina kallon yatsana, ina kallon keji. Launi ɗaya, fiffike biyu kowannensu. Amma ɗaya in rana ta fito sai ya hau sanda ya buɗe baki kowa ya san yana nan, abin da ya ci ana gani, abin da ya zubar ana gani. Ɗayan kuwa ba murya, ba a san shigarsa ba, in ka buɗe masa ƙofa guduwa zai yi. Na ce lallai ga ni, ga Baba Mai Guga. Maganar ta yi min daɗi ƙwarai, har na sa gawar ƙwaron a kwalin ashana don in yi misali da ita.

Ranar da Lauya zai zo, Kawu bai ko zauna a keke ba. Ya ja kujera tsakiyar shago, ya juyo da kunnensa na dama.

“To, Rediyo. An kama tasha? Su wane ne wasun?”

Na zube kafur shida a kan teburin yanka.

Kawu ya miƙe zumbur. “Wa ya shigo min da wannan?”

“Tambayi Baba. Jiya da idona na gan shi yana cusawa a kabad, bayan ya leƙa titi ya tabbatar ba ka nan. Kawu, mako nawa kanarinka bai yi kuka ba? Waye yake riƙe gawayi kusa da kayan mutane? Waye aka karɓi makulli a hannunsa?”

Baba Mai Guga ya ajiye dutse a kan ƙarfensa. Bai ce komai ba, wannan kuwa ya ƙara min ƙarfi.

“Ni an ce ina da surutu, na yarda. Kanari ma surutu gare shi, amma wa ya taɓa cuta? Duk abin da ke cikinsa a bakinsa yake. Wanda za a ji tsoro shi ne irin wannan.” Na buɗe kwalin ashana. “Dube shi. Rigarsu ɗaya da kanari, sai ka ce 'yan uwa. Amma shi ba ya magana, ba ya son haske, a lungu yake zama. Irinsa ne ke shekara goma sha biyar a wuri ba a san abin da yake ƙullawa ba.”

Baba Mai Guga ya goge hannu a gaban rigarsa, ya tako a hankali. Na ɗauka mari zai kawo min, har na ja da baya. Kwalin ya karɓa, ya kai shi bakin taga ya duba.

“A ina ka samo shi?”

“A kabad.”

“To ai shi ne.”

“Shi ne wa?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan allura. Ya juya ga Kawu. “Maigida, ga shi yaro ya kamo maka ɗaya.”

“Ɗaya me? Wasun nake tambaya!”

Baba Mai Guga ya yi tsaye, bakinsa a ɗan buɗe. Sai ya zagaya ta dama, ya sunkuya daidai kunnen Kawu mai aiki, ya ɗaga murya irin yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba.

“Asu! Cewa na yi aikin asu ne! Asu mai cin tufafi!”

Shagon ya yi tsit. Ko mai walda bai fara aiki ba.

“Asu ka ce?”

“Tun shekaranjiya.”

“Da na ce aikin wasu ne, me ya sa ka ce su ne?”

“Asu na ji ka ce. Injin mutumin nan yana ta ihu.”

“To don me ka nuna min yaron nan?”

“Kabad na nuna. Shi ya jingina da shi.”

Kawu ya ɗauko kwat ya kai ta haske, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban hujin. Ya ja tsaki. “Ba yanka ba ne wannan. Da ba a ce min wasu ba, da na gani da kaina.” Sai ya juyo kan Baba Mai Guga da sauri, don shi zargi in ya tashi masa sai ya samu inda zai sauka. “Malam, kana gani na karɓe makulli a hannunsa, na ce zan kore shi, ka yi shiru?”

“Na ɗauka don bai shanya kaya ba ne. Rabon kabad ɗin nan da rana, an yi wata shida.”

Kawu ya juyo gare ni a hankali.

“Rediyo. An ɗauke wuta ne?”

Sai ya koma kan Baba Mai Guga.

“Kafur ɗin fa?” in ji Kawu.

“Kwana biyu na so ya yi a rufe, in kwashe. Na san ba ka so, shi ya sa na fitar da keji kafin in buɗe ƙullin. Amma kafur ba zai gama da su ba sai an taɓa gidansu, ni kuwa ban san yadda zan faɗa maka ba.”

“Wane gidan?”

Baba Mai Guga ya tsugunna gaban kabad ya jawo hular sanyi. Kawu ya ce, “Kai, kai, a hankali!” Baba Mai Guga ya juye ta a kan takardar awo. Gashin da Kawu ya shekara ashirin yana tarawa ya zubo, rabinsa ya zama gari, sauran sai tsinken tsakiya, duk a manne da wata yana kamar ta gizo-gizo. A ciki fararen tsutsotsi ƙanana suna motsi. Ƙwari uku suka fito da gudu suka shige ƙarƙashin keken ɗinki.

“Wanda yaro ya kashe ba shi ya ci kwat ba,” in ji Baba Mai Guga. “Mai fiffiken ba ya cin komai, ƙwai kawai yake zubawa ya mutu. Tsutsar ce mai ci. Auduga ba ta dame ta ba. Ulu take so, da gashi. Ta fara da na tsuntsu, ta ci hula, ta hau kan kwat.”

“Kana nufin kanarina ne ya kawo min asu?”

“Bai kawo ba. Ya ciyar dai. Shi yana zubarwa, kai kana tarawa, wannan bai shanya ba.” Ya miƙo min kwalin ashanata. “Ungo ɗan uwana. Ka ce mun yi kama.”

“Baba, don Allah…”

“Ka iya misali. Sai dai ka ce mai surutu bai taɓa cutar kowa ba. Abin da yake zubarwa fa?”

Ya koma lungunsa ya ɗauki dutse. A ranar ya yi maganar wata guda, bai ƙara ba.

Kawu ya daɗe yana juya garin gashin da yatsa. Ya zaro ɗaya da bai gama lalacewa ba, ya duba, ya mayar. Sannan ya naɗe takardar da hular gaba ɗaya ya miƙo min.

“Kai bayan shago ka ƙona. Nesa da taga. In ka dawo ka kwashe kabad ɗin nan kaf ka shimfiɗa a rana.”

Da na dawo na tarar ya zare zare daga cikin lafin kwat yana saƙe hujin ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba ya ce, “Zan toshe su yadda sai mai nema zai gani. Amma ba zan ɓoye wa mai kaya ba, kuma ba ni zan faɗa masa ba. Kai mai baki, kai za ka faɗa. In ka faɗa daidai, ka zo gobe. In ka fara misali, ka wuce gida.”

Ina tsakiyar shanya yaduka a kan igiya motar Lauya ta tsaya. Ya shigo yana share gumi, ya gaisa da Kawu, ya sa kwat ya juya gaban madubi. Ta zauna masa daidai. Kawu ya yi min nuni da ido. Na matso na nuna masa kafaɗar, na nuna ƙasan aljihu. Lauya ya cire kwat ya kai ta haske, fuskarsa ta canza.

“Wannan kuma aikin wa?”

Daidai lokacin mai walda ya kunna injinsa.

“Aikin asu ne, ranka ya daɗe.”

“Wasu?” Lauya ya dubi Kawu, ya dubi Baba Mai Guga, ya dawo kaina. “Su wa?”

Na matsa har ina jin ƙamshin man gashinsa, na ɗaga murya.

“Asu! Ƙwaro! Ni aka sa in riƙa shanya kayan kabad, ban yi ba!”

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da nake jin yana yi wa masu ba da shaida. Ya shafa saƙar Kawu da babban yatsa. Ya ce, “A kotu ba na juya wa alƙali baya, na aljihu kuma tebur zai rufe, ba zai gani ba.” Ya rataya kwat a hannu ya fita.

Kawu ya ciro makulli daga aljihu. Na gyara tsayuwa. Ya wuce ni ya ajiye shi a kan teburin guga.

“Gobe ƙarfe bakwai, Rediyo. Ka jira a dakali har ya zo ya buɗe maka.”

“To, Kawu.”

Baba Mai Guga ya sa makulli a aljihu ba tare da ya kalle ni ba. Na ɗauki tsintsiya na nufi ƙarƙashin keji, inda wani sabon gashi ya faɗo. Kawu ya riga ni sunkuyawa, hannunsa har ya kai, sai ya fasa. Ya miƙe ya kai fuskarsa jikin keji, ya zare tabarau, ya ƙura wa kanarin ido.

“Kai kuma, ɗan gari,” ya ce, “tun yaushe ka san suna ciki?”